Ethan Salas da wahalar auna yaro mai cafka a wasan besbol

A ranar 15 ga Janairun 2023 ƙungiyar besbol ta San Diego Padres ta ɗauki wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Ethan Salas, ta ba shi dala miliyan 5.6. Hukumar babbar gasar Amurka, wato MLB, tana ƙayyade wa kowace ƙungiya abin da za ta kashe a shekara wajen ɗaukar matasa daga ƙasashen waje, kuma abin da aka ba wannan yaro shi ne kusan duk kason Padres na shekarar. Yawancin ƙungiyoyi sukan rarraba irin wannan kuɗi ga yara da dama, da fatan biyu ko uku za su kai labari. Ita kuwa ta juye shi a kan mutum ɗaya, kuma mutumin mai cafka ne, matsayin da ya fi kowanne wuyar hasashe a wannan wasa.

Ga wanda bai saba kallon besbol ba, ga yadda abin yake. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, yana wurgo ƙwallo mai tauri daga nisan mita 18 da ɗoriya, sau da yawa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Mai bugu yana tsaye da sanda kusa da wani faranti da ke ƙasa, wanda ake kira gida. A bayansa akwai wani a tsugunne, sanye da hular kwano mai ragar ƙarfe, da sulken ƙirji, da makarin ƙwauri, da katuwar safar hannu. Shi ne mai cafka. Duk jifan da sanda ba ta taɓa ba, hannunsa zai faɗa, kuma a wasa ɗaya ana yi masa jifa wajen 140 zuwa 150. Shi kaɗai ne cikin 'yan wasa tara yake fuskantar filin gaba ɗaya. Shi ke zaɓar irin jifan da za a yi, shi ke tare wanda ya daki ƙasa da jikinsa, shi ke jefa ƙwallo don a kama ɗan hamayyar da ya yi yunƙurin satar tasha (wato ya ruga zuwa tasha ta gaba, cikin ukun da ake zagayawa kafin a dawo gida, ba tare da an buga ƙwallo ba), sannan idan layinsa ya zo ya ajiye kayan ya ɗauki sanda ya yi bugu kamar kowa.

An haifi Salas a Florida ranar 1 ga Yunin 2006, ya tashi a Venezuela, a gidan da besbol gado ne: kakansa da mahaifinsa sun buga, yayansa José ya riga shi shiga tsarin MLB, ƙanensa Andrew kuma Miami Marlins ta ɗauke shi a 2025. Yana jin Turanci da Sifaniyanci, abin da ba ƙaramar riba ba ce ga wanda aikinsa ya haɗa da lallashin masu jifa daga Texas da Jamhuriyar Dominika a rana guda. Bai cika wata uku da sa hannu ba aka sa shi ya cafka wa manyan masu jifa a wasan share fagen kaka, yana ɗan 16. A ƙarshen Mayu, kwana biyu kafin ya cika 17, ya fara wasa a Lake Elsinore, ɗaya daga cikin matakan ƙasa na ƙananan rukunoni, inda a wasa 48 ya buga ƙwallo ya tsallake shinge sau 9. Daga nan aka ɗaga shi zuwa Fort Wayne, kafin watan Agusta ya fita kuma aka kai shi San Antonio, mataki biyu kacal ƙasa da babbar gasa, cikin mazan da suka girme shi da shekara shida ko bakwai. Masu jera sunayen matasa suka sa shi cikin goman farko a duk faɗin wasan.

Sai 2024 ta zo. Aka mayar da shi Fort Wayne ya yi kaka cikakkiya, ya ƙare da ma'aunin bugu .206, wato cikin kowace dama ɗari yana cin nasara a kusan 21, tsallake shinge kuma sau 4 kawai. A 2025 ciwon ƙashin baya ya kwantar da shi bayan 'yan wasanni ƙalilan. Waɗanda suka yi ta kambama shi a 2023 wasunsu ne suka fara cewa an yi asarar kuɗi.

Ni dai a ganina ɓangarorin biyu kuskure ɗaya suka yi, kowanne ya ɗauki kaka guda ta yaro ya mayar da ita hukunci. Kuma dalilin da ya sa wannan kuskure ya fi muni a kan mai cafka fiye da kowane ɗan wasa shi ne abin da ya kamata a tsaya a fahimta.

Masu farautar 'yan wasa suna da ma'auni da suka gada, daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa. Suna ba da maki ga iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu da tsaro. Ga ɗan wasan da ke tsaron bayan fili, can wajen shinge, waɗannan biyar sun kusa bayyana shi duka. Ga mai cafka kuwa, kalmar "tsaro" ita kaɗai ta ƙunshi sana'o'i huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, kuma wadda ta fi sauƙin aunawa ba ita ce ta fi tasiri ba.

Mafi sauƙin ita ce jifa zuwa tasha ta biyu. Ana danna agogo lokacin da ƙwallo ya shiga safar mai cafka, a tsayar lokacin da ya isa hannun wanda ke jira a tasha ta biyu, nisan kusan mita 39. Matsakaici a babbar gasa daƙiƙa 2.0 ne, gwanaye irin su J.T. Realmuto suna saukowa wajen 1.8. Lissafin a bayyane yake: mai jifa yana cin kusan daƙiƙa 1.3 kafin ƙwallo ya iso gida, a ƙara 2.0, ya zama 3.3, wanda kusan shi ne lokacin da mai gudu sosai yake buƙata ya isa. Saboda haka kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yana raba wanda aka kama da wanda ya tsira. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A wurin gwaji yaro ya san jifan yana zuwa, ya ɗaga gindi tun kafin lokaci, ba mai bugu a gabansa, ba mai gudu. Lambar da za ta fito kyakkyawa ce, amma ba ta faɗin abin da zai yi idan jifan ya lanƙwasa ya nufi ƙasa a zagaye na takwas cikin tara na wasa, ƙafafunsa sun yi nauyi. Sannan fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacin ba a hannunsa yake ba. Idan mai jifa yana da jinkiri, ko wane irin hannu mai cafka yake da shi za a yi masa sata. Mai hankali a cikin masu dubawa ya fi kallon ƙafafu da saurin fitar da ƙwallo daga safa zuwa hannun jifa, domin ƙarfin dantse kowa na iya gani.

Sana'ar da ta fi nauyi kuwa an daɗe ba a ma san yadda za a ƙirga ta ba. Akwai wani akwati da ido ba ya gani a saman faranti, daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa. Jifan da ya ratsa ta cikinsa ana lissafa shi a kan mai bugu ko bai kai masa sanda ba, wanda ya kauce kuma a kan mai jifa. Alƙalin wasa ne, yana tsaye bayan mai cafka, yake yanke hukunci da idonsa. To jifan da ya bi ta gefen akwatin, yadda aka cafke shi yana shafar abin da alƙali zai gani. Idan safa ta bi ƙwallon ta fita waje, kai ya sunkuya, jiki ya motsa, sai alƙali ya ce ya kauce. Idan aka tarbe shi cikin natsuwa, safa ta taso daga waje zuwa ciki, sai ya ce ya shiga. A 2011 wani mai nazari, Mike Fast, ya yi amfani da bayanan kyamarorin filaye ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin masu cafka a wannan fanni yana kaiwa nasarar wasanni da dama a kaka. Wanda ya fito kan gaba a nazarin shi ne José Molina, mutumin da ba shi da bugu ba shi da gudu, wanda mutane suka ɗauka ɗan benci ne kawai. Tampa Bay Rays ta ɗauke shi bayan kakar, Houston Astros kuma ta ɗauki Fast aiki. Daga nan aka sake koyar da masu cafka tsuguno, har yanzu akasarinsu gwiwa ɗaya suke kafawa a ƙasa don su samu tarbar jifan ƙasa daga ƙasa.

A wannan fanni ne Salas ya fara ɗaukar hankalin mutane, ba a bugu ba. Abin da masu kallonsa suka fi ambata shi ne laushin hannu da rashin garaje, yadda yake karɓar jifan manya kamar ya shekara goma yana yi. Wannan yana da muhimmanci domin hannu mai taushi yana cikin abubuwan da ba kasafai ake koya wa wanda ba shi da su ba.

Sai dai akwai matsala da ba laifin kowa ba ce: ana auna yaro da dokar yau, shi kuwa da dokar shekara shida masu zuwa zai yi wasa. A 2022 aka kawo PitchCom, na'urar da ake danna maɓalli mai jifa ya ji a hularsa, ta rage amfanin alamun yatsu da masu cafka suka shekara fiye da ɗari suna yi wa masu jifa. A 2023 aka ƙara girman tashoshi daga inci 15 zuwa 18, aka taƙaita sau nawa mai jifa zai iya juyawa ya tsorata mai shirin sata, aka kafa agogon jifa. Satar tasha ta tashi daga kusan 2,500 a 2022 zuwa kusan 3,500 a 2023, kuma cikin kowane yunƙuri biyar huɗu suna cin nasara. Hannun da aka fara rainawa ya sake daraja cikin kaka ɗaya. A Satumbar 2025 kuma MLB ta amince cewa daga 2026 za a iya ƙalubalantar hukuncin alƙali da kyamara: kowace ƙungiya tana da dama biyu, idan ta yi daidai ba ta rasa damar ba, kuma mai jifa, mai bugu ko mai cafka ne kaɗai za su iya nema, ta hanyar taɓa hula nan take. Wannan bai kashe gwanintar tarbar jifa ba, tunda yawancin jifa ba za a ƙalubalance su ba, amma ya rage mata kaifi a lokutan da suka fi tsada, ya kuma haifar da wata sabuwa, wato sanin iyakar akwatin da ido har ka san lokacin da ya dace ka kashe damar ƙungiyarka. Lokacin da Padres ta biya dala miliyan 5.6, wannan sana'a ba ta cikin takardar maki.

Akwai kuma ɓangaren da har yau lamba ba ta kama shi da kyau ba, wato tafiyar da masu jifa. Ƙungiya tana da masu jifa goma sha uku a lokaci guda, kowanne da irin jifansa da halinsa. Dole mai cafka ya san wanda ake yi wa tsawa ya farfaɗo da wanda tsawa ke rusawa, ya gane tun a zagaye na biyu cewa jifan lanƙwasa na wane yau ba ya cizo, ya tuna yadda aka fitar da mai bugun nan a watan jiya. Ɗan shekara 17 ba zai iya nuna wannan ba, domin bai ga isassun wasanni ba, kuma a makarantu da jami'o'in Amurka ma sau da yawa koci ne ke zaɓar jifa daga benci. Abin da za a iya dubawa shi ne alamu: yana zaman nazarin bidiyo ba tare da an tilasta shi ba, masu jifa suna neman a haɗa su da shi, idan ya fita ba nasara a bugu yana dawowa da ɓacin ran bayan faranti ko yana barinsa a benci. Mai bin ƙwallon ƙafa zai gane abin idan ya tuna gola, wanda yakan nuna a shekarun da ɗan gaba ya fara sanyi, domin rabin aikinsa karanta wasa ne.

Wannan ne ya sa bugun masu cafka yake makara. Yaron da ke tsaron bayan fili yana da yini guda na gyara sandarsa. Mai cafka ya fara da cafka wa masu atisaye, ya shiga taron tsara jifa, ya tsuguna awa uku, ƙwallo ya doke shi a yatsa da cinya da wuya, sannan a ce ya buga. Yadier Molina, ƙanen José Molina, ya yi ma'aunin .216 a 2006 yana cikin babbar gasa da St. Louis Cardinals. Ƙungiyar ba ta cire shi ba saboda tsaronsa, sai ga shi a 2012 da 2013 ya haura .310, ya yi kaka 19, ya karɓi kyautar safar zinare, ta gwanin tsaro, sau 9. Cal Raleigh sai a zagaye na uku na zaɓen matasan da ƙungiyoyi ke yi duk shekara Seattle Mariners ta zaɓe shi a 2018, ya shigo babbar gasa a 2021 da ma'aunin .180, a 2025 kuma, yana ɗan 28, ya tsallake shinge sau 60, adadin da babu mai cafkan da ya taɓa kusanta, domin tarihin da ya karya na Salvador Pérez 48 ne. Da an yanke wa waɗannan biyu hukunci da lambobinsu na farko, da an yi kuskure babba.

Kada kuma a ɗauka haƙuri kullum yana biya. Jesús Montero, shi ma daga Venezuela, ya kasance cikin matasan da aka fi ji da su a tsarin New York Yankees saboda ƙarfin bugunsa. Tun yana ƙananan rukunoni masu dubawa suke shakkar tsaronsa, amma hasken sandar ya rufe ido. Aka musanya shi zuwa Seattle a Janairun 2012, ya kasa riƙe matsayin, aka mayar da shi tasha ta farko, a can kuma bugun bai kai abin da ake nema ba. Wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 2015 ne.

Labarin Montero shi ke fito da tambayar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, wadda ya kamata a fara da ita kafin a duba ko wace lamba: shin yaron zai zauna a matsayin? Domin bugun da ake nema daga mai cafka ya yi ƙasa sosai da wanda ake nema daga mai tsaron tasha ta farko. Mai cafka nagari da ke bugu kamar matsakaicin ɗan wasa tauraro ne. Wannan bugun dai, idan aka kai shi tasha ta farko, sai ya zama abin neman maye gurbi. Saboda haka yara biyu masu ma'aunin bugu ɗaya darajarsu tana iya bambanta ninki da yawa, gwargwadon wanda zai iya ci gaba da tsuguno. Wani lokaci ƙungiya da kanta take cire yaro saboda sandarsa ta yi tsada da yawa a bar ta tana lalacewa, kamar yadda Washington Nationals ta yi wa Bryce Harper a 2010, ta mayar da shi bayan fili tun ranar da ta zaɓe shi. Wani lokaci akasin haka ne: Kenley Jansen mai cafka ne da hannu kamar bindiga amma ba bugu, Los Angeles Dodgers ta mayar da shi mai jifa a 2009, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu rufe wasa, wato masu jifan zagayen ƙarshe, na zamaninsa. Realmuto da Buster Posey kuwa daga tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku aka kawo su, abin da ke nuna cewa sauƙin jiki da saurin ƙafa sun fi yawan shekarun da yaro ya yi sanye da sulke.

Jiki kuma yana da nasa hukuncin da ba ya shawara da kowa. Joe Mauer, wanda Minnesota Twins ta zaɓa na farko a 2001, ya cika duk wani hasashe, ya zo na ɗaya a ma'aunin bugu sau uku, ya zama gwarzon 2009, amma ƙwallon da ya goge sanda ya daki hularsa a Agustan 2013 ya girgiza masa ƙwaƙwalwa, daga 2014 sai tasha ta farko. Posey ya karye a ƙafa a Mayun 2011 lokacin da mai gudu ya banke shi a gida, abin da ya taimaka aka sauya dokar karo a 2014. Shi ya dawo ya zama gwarzon 2012, amma ba kowa ke dawowa haka ba. A nan ne nake ganin abin damuwa na gaske game da Salas yake. Ma'aunin .206 bai tayar mini da hankali ba. Yana ɗan 18 ne a rukunin da yawancin masu jifa sun kai 22 ko 23, da yawansu sun gama jami'a, shi kuwa sa'o'insa a Amurka a lokacin ne ma suke gama sakandare. Ciwon baya ga wanda sana'arsa tsuguno ce da murɗa ƙugu, wannan shi ne abin tsoro, kuma ya cinye masa kakar da ya fi buƙata don ya ga jifa.

Ina kuma ganin Padres tana da nata kason. Shugaban harkokin wasanta, A.J. Preller, an san shi da saurin ɗaga matasa, kuma akwai hujja a cikin hakan, domin yaron da ya fi ƙarfin rukuninsa ba ya koyon komai. Amma kai ɗan 17 San Antonio bayan 'yan wasanni a Fort Wayne bai ƙara wa Salas ilimi ba kamar yadda ya ƙara wa sunansa nauyi. Daga ranar aka daina kwatanta shi da sa'o'insa, aka koma kwatanta shi da Mauer da Posey. Irin wannan nauyi ya taɓa faɗa wa Matt Wieters, wanda Baltimore Orioles ta zaɓa a 2007: an zaɓe shi wasan taurari sau 4, ya ci safar zinare sau 2, ya yi fiye da shekara goma a babbar gasa, duk da haka wasu suna ambatonsa kamar wanda ya gaza, saboda abin da aka yi masa alkawari a madadinsa ya fi ƙarfin ɗan Adam.

Wanda ke son ya auna Salas da adalci daga nan gaba, ma'aunin bugu shi ne abu na ƙarshe da zai duba. Ya fara da yawan wasannin da ya cafka a jere ba tare da bayan ya motsa ba, ko zai iya kai 90 ko 100 a kaka. Sai ya duba zaɓen jifa, ko yana barin wanda ya kauce ya wuce, ko yana kai wa na cikin akwati sanda ya same shi, domin waɗannan sukan daidaita tun kafin sakamako ya biyo baya. Sai ƙarfin da ƙwallo ke fita da shi daga sandarsa, wanda ya kamata ya ƙaru yayin da jikin ke cika. Yana bugu ta hagu, abin da ba a cika samu ba a masu cafka, kuma yana ba shi fifiko a kan masu jifa da dama waɗanda su ne mafi yawa. Adley Rutschman, wanda aka zaɓa na farko a 2019 kuma aka ɗauka ya gama nuna tun daga jami'a, sai yana ɗan 24 ya fara wasa a babbar gasa, a Mayun 2022. Salas zai kai wannan shekarun ne a Yunin 2030.